Yadda Ake Gane Ko Kalmar Zaɓi Ta Fito a Boost.Spirit

Tambaya: Malam, ina rubuta wa yayana mai shago a Kasuwar Barci manhajar karanta lissafin ciniki da C++ da laburaren Spirit Qi. Kowane layi yana ɗauke da sunan kaya da adadi, wani lokaci da kalmar "bashi" a ƙarshe. Na rubuta -lit("bashi"), layin yana wucewa, amma ba na samun abin da zai nuna min ko kalmar ta fito. Ina tsoron a rubuta wanda ya biya cikin masu bashi.

Amsa: Tsoronka yana kan hanya. Shi lit ba ya mayar da komai, yana cinye haruffan ne kawai, saboda haka alamar zaɓi (-) da ka sa a gabansa ba ta da abin da za ta riƙe maka. Ka rubuta matches[lit("bashi")]. Wannan ba ya faɗuwa ko kalmar ta zo ko ba ta zo ba, kuma yana mayar da bool, wato true ko false, da za ka ajiye a cikin struct ɗin da ke riƙe bayanan layin.

Sai dai na san shawarar da za a ba ka a zaurukan WhatsApp, domin kullum ita ake kawo min: wai ka ajiye bool guda a wajen ƙa'idar, ka liƙa wa kalmar wani ɗan aiki da zai mayar da shi true da zarar an gan ta. Masu yaɗa wannan sun gwada layi biyu ya yi aiki, shi ke nan sun zama malamai. Abin da ba su sani ba shi ne, Spirit yana komawa baya idan reshe, wato ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙa'idar ke gwadawa don karanta layi, ya faɗi, amma ba ya warware abin da ɗan aikin ya riga ya aikata. Ɗauki layin "sukari 3 bashir", a ƙa'idar da ke da reshe na biyu mai karɓar sunan mai saye a ƙarshen layi. Reshen farko zai ga haruffa biyar na farkon sunan, ya ce ga bashi, ya kunna alamar, sannan ya ci karo da "r" inda yake jiran ƙarshen layi, ya faɗi. Reshe na biyu zai karɓi "bashir" a matsayin sunan mai saye, alamar kuwa tana nan a kunne, kuma haka za ta bi layukan gaba idan ba a kashe ta ba. Bawan Allah ya biya kuɗinsa lakadan, manhaja ta ɗora masa bashi, babu kuma wani saƙon kuskure da zai fito. Wannan haƙƙin mutane ne, kuma kai da ka rubuta za a tambaya.

Ko da matches ɗin ma, idan rassan biyu suna rubutu a struct ɗaya, ka nannaɗe reshen farko da hold[], mai hana abin da reshen ya rubuta zama idan ya faɗi, ko ka sa attr(false), mai mayar da alamar false, a na biyun, sannan ka gwada da sunayen da suka fara da "bashi" kafin ka miƙa wa yayanka.