Lasifika mai ɗumin sauti wadda ba ta gajiyar da kunne

Malam, ka tambayi wacce za ka saya mai taushin murya amma kana jin kowane kaɗi ba tare da kunne ya gaji ba. Gajiyar nan daga sautin sama take, wajen 2 zuwa 5 kHz (ma'aunin sirancin sauti ke nan), nan kunnen mutum ya fi ji. Nemi mai tuwita (ƙaramar lasifikar cikinta mai fitar da sautin sama) ta siliki ko yadi mai laushi, irin su Wharfedale, ta ƙarfe wani lokaci tsini gare ta. Amma wallahi ɗakunanmu na Yamai su ne rabin matsalar, siminti da karo ko'ina, sauti na ta dukan bango yana dawowa, shimfiɗa darduma ka sa labule mai kauri. In za ka saya tafi da waƙar da ka sani, ka zauna minti 30 kana saurare.