Hukuncin karɓar kuɗin inshora ga wanda ya ji rauni a hatsarin bas

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina cikin fasinjojin wata bas da ta yi hatsari. Direban ya yi ta sheƙa gudu, muka yi masa magana bai saurare mu ba, har tayar gaba ta fashe, motar ta ƙwace masa ta faɗa rami. Mutum biyu sun rasu. Ni kuma na karye a cinya, aka yanke mini yatsu biyu na hannun dama, har yau ban koma bakin aikina ba. Yanzu kamfanin inshorar da mai motar ya yi rajista da shi ya ce in kawo takardun asibiti a biya ni. Wasu 'yan'uwana sun ce inshora haramun ce, kuma abin da ya faru ƙaddara ce, in bar wa Allah. Direban talaka ne, ba shi da abin da zai ba ni. Shin ya halatta in karɓi wannan kuɗi? Kuma a Shari'a wa ke ɗauke da alhakin raunina?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce, ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ya halatta ka karɓi kuɗin, ɗan'uwa, haƙƙinka ne, kuma karɓarsa ba ta rage maka komai a imaninka da ƙaddara.

Ka fara da maganar ƙaddara, domin ita ce ta fi cutar da masu rauni. Gaskiya ne babu abin da ke faruwa sai da hukuncin Allah. Amma Allahn da ya ƙaddara shi ne ya saukar da aya ta 92 a Suratun Nisa'i, inda ya wajabta wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure 'yanta bawa mumini da biyan diyya ga iyalan mamacin, sai fa in su suka yafe. Ka lura, a kan kuskure ayar take magana, wato abin da mutum bai yi nufi ba, irin wanda ake cewa tsautsayi. Da ƙaddara tana sauke lamuni, da babu wannan aya. Kuma yafewar da Allah ya ambata ya bar ta a hannun mai haƙƙi. Ba ta hannun dangi ba ce, ba ta hannun dattawan da ke zuwa ba da haƙuri ba ce. Abin takaici ne a ga an taru a kan mutum yana kwance da karaya, ana karanta masa falalar haƙuri har ya ji kunyar neman kuɗin maganinsa, alhali wanda ya jawo ɓarnar ba a ce masa uffan ba.

Magabata ba su san mota ba, amma sun san abin hawa, kuma sun yi hukunci a kai. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya faɗa a Risala cewa mai kora dabba da mai janta da wanda yake kanta duk masu lamuni ne ga abin da ta taka, sai abin da ta aikata ba da sa hannunsu ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wani mutum daga Bani Sa'ad bin Laisi ya yi sukuwa da doki ya taka yatsan wani mutumin Juhaina, jini ya yi ta zuba har ya mutu, Sayyidina Umar kuma bai bar jinin nan ya tafi a banza ba, ya ɗora wa mutanen mahayin rabin diyya bayan ɓangarorin biyu sun ƙi yin rantsuwa. To dabba tana da nata ra'ayin, takan yi tutsu, takan firgita. Mota kuwa ba ta motsi sai an motsa ta. Saboda haka lamunin direba ya fi na mahayi ƙarfi.

A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yi hukunci a zamanta na takwas a Brunei a shekarar 1993. Ta ce bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma hatsarin mota yana shiga babin jinayat, wato laifukan kisa da raunata mutum, galibinsa a matsayin kuskure. Direba ne mai alhakin abin da ya haddasa a jiki ko a dukiya, ba ya kuɓuta sai in abin ya zo daga wani ƙarfi da ba shi da ikon karewa, ko wanda aka cutar ne da kansa ya jawo, ko kuma laifin wani ne daban, sai alhakin ya koma kan wancan. Idan muka auna labarinka da wannan ma'auni, wani zai ce ai fashewar taya ba a hannun direba take ba. Haka ne, in tayar lafiyayya ce kuma yana tafiya daidai ƙa'ida. Amma wanda ya wuce iyakar gudun da hukuma ta sa, fasinjoji suna yi masa magana yana ƙi, ya riga ya yi ta'addi tun kafin tayar ta fashe. Sai dai ni daga bakinka kaɗai na ji. Tabbatar da yadda abin ya faru aikin alƙali ne, da shaidu da rahoton jami'an da suka duba wurin.

Mai motar ma ba lallai ya fita ba. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce wanda ya aikata ɓarna da hannunsa yana lamuni ko bai yi ganganci ba, wanda kuwa ya zama sanadi yana lamuni ne in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Mai bas da ya san tayoyinsa sun suɗe ya ƙi canzawa, ko ya san birki ba ya kamawa, ko ya ɗauki direba marar lasisi, ko ya ɗora masa kuɗin da zai kawo kullum wanda ba ya samuwa sai da gudu da lodi fiye da kima da tuƙin dare ba barci, wannan yana da kaso a cikin alhakin gwargwadon sakacinsa. Wanda yake cin amfanin mota shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyin kula da ita.

Abin da Shari'a ta ba ka kuwa ba ƙarami ba ne. A wasiƙar da Annabi (SAW) ya rubuta wa Amru bin Hazm an yanke cewa rai raƙuma 100 ne, hannu 50, ƙafa 50, ido 50, kowane yatsa 10, haƙori 5. Ga masu zinare cikakkiyar diyya dinari 1,000 ce, wanda ya yi daidai da zinare kilo 4.25 a lissafin da malaman zamani suka fi bi. Yatsunka biyu, in daga tushe aka yanke su, raƙuma 20 ke nan, kashi ɗaya cikin biyar na cikakkiyar diyya. Karayar cinya ba ta da adadi yankakke a mazhabar Malik. Jira ake yi ta warke, in ta bar nakasa, kamar ɗingishi ko gajarcewar ƙafa, sai alƙali ya ƙiyasta da taimakon likitoci. Kuɗin magani malamai sun yi saɓani a kansa tun da. Muhammad bin Hasan, almajirin Abu Hanifa, ya wajabta ladan likita a kan wanda ya yi raunin ko da ya warke bai bar tabo ba, wasu manyan Malikiyya ma sun ga kyawun haka a raunin da ba shi da adadi yankakke. Wannan shi na rinjayar, domin Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma a yau kuɗin tiyata da magani kan cinye duk abin da mutum ya mallaka.

Ka ce direban talaka ne. Shari'a ta san da haka tun farko, shi ya sa ba ta bar mai kuskure shi kaɗai da wannan nauyi ba. A hadisin matan nan biyu na ƙabilar Huzail, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ɗora diyyar wadda aka kashe a kan aƙilar wadda ta yi kisan, wato danginta na wajen uba. A wurin Malik aƙila tana ɗaukar abin da ya kai sulusin diyya zuwa sama, cikakkiyar diyya kuma a raba ta shekara uku; abin da bai kai sulusi ba daga dukiyar mai laifin yake fita. Da Sayyidina Umar ya kafa diwani, sai ya mayar da wannan nauyi kan mutanen da ke rajista ɗaya suna karɓar albashi tare, ko ba su haɗa jini ba. Daga nan malamai suka fahimci cewa tushen aƙila shi ne taimakekeniya. A 2005, a zamanta na Dubai, Majalisar Fiƙihun nan ta ce idan babu aƙilar da za ta biya, kamfanin takaful, wato inshorar taimakon juna, ko ƙungiyar masu sana'a ɗaya ko asusun ma'aikata na iya tsayawa a madadinta, in tsarinsu ya tanadi haka. Ƙungiyoyin direbobi da ke karɓar kuɗi a hannun 'ya'yansu kullum ya kamata su ji wannan da kyau.

Saura inshorar kanta. 'Yan'uwanka ba daga kansu suka ƙirƙiro maganar ba. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya da ya rasu a 1836, yana cikin na farko da suka yi magana a kan inshorar kayan jiragen ruwa, kuma bai halatta karɓar kuɗinta ba in a ƙasar Musulmi aka ƙulla ta. A 1985 a Jidda Majalisar Fiƙihu ta hukunta cewa inshorar kasuwanci mai yankakken kuɗin shiga tana ɗauke da garari mai yawa, wato rashin tabbas, da ke ɓata ciniki, domin mai biya bai san ko zai karɓa ba, bai san nawa ba, Annabi (SAW) kuma ya hana cinikin garari. Ta ce madadinta ita ce inshorar taimakon juna da aka gina a kan kyauta, wadda ake kira takaful, irin wadda aka fara kafa kamfaninta a Sudan a 1979. Akwai manyan malamai da suka saɓa, fitaccensu Shaikh Mustafa Zarƙa na Siriya, wanda ya halatta tsarin inshora matuƙar an tsarkake shi daga kuɗin ruwa. Amma mafi yawa suna kan hani.

Duk wannan hukunci ne a kan wanda ya ƙulla yarjejeniyar. Kai ba ka ƙulla komai da kamfanin ba, ba ka biya su sisi ba, ba ka sa hannu a takardarsu ba. Kai mai bin bashi ne. Shari'a ta tabbatar maka da haƙƙi a wuyan direba da mai mota, su kuma suka ce ka je wurin wane ya biya ka a madadinsu. Mai bin bashi ba a ɗora masa binciken yadda wanda ake bi ya yi da mai biya masa. Lokacin da aka kawo wa Annabi (SAW) naman da aka yi wa Barira, 'yantacciyar baiwar Nana A'isha, sadaka da shi, ya ce a gare ta sadaka ne, a gare mu kyauta ne, alhali sadaka ba ta halatta gare shi. Hanyar da dukiya ta shigo hannunka ita ake dubawa, taka hanyar kuwa diyya ce. In ka ƙi karɓa, babu wanda ya amfana sai kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗin mai motar.

Mai motar ma, in hukuma ta wajabta inshorar da ke kare waɗanda mota ta cutar, kamar yadda take a mafi yawan ƙasashen duniya, to ya yi ta. In akwai takaful a inda yake, ita zai nema. In babu, ya yi wadda doka ta tilasta, babu laifi a kansa, domin tilas ce ta sa shi. Ya kuma tabbatar yarjejeniyar ta haɗa da fasinjojin da ke cikin motar, don ba kowace ce ke haɗawa da su ba. Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne sayen takardar jabu don nuna wa jami'an hanya. Mai yin haka ya haɗa ƙarya da saɓa wa hukuma da tozarta haƙƙin mutanen da suka ba shi amanar rayukansu. Wasu har suna fakewa da cewa ai inshora haramun ce shi ya sa ba su yi ta gaske ba. Wanda tsoron Allah ya hana shi inshora, tsoron Allah zai sa ya tanadi abin da zai biya diyya da shi ranar da motarsa ta kashe mutum.

Wajen karɓa, kada ka ƙara ko sisi a takardun asibiti, kada ka yarda wani ya rubuta maka raunin da ba ka ji ba. Abin da aka samu ta haka haramun ne ko daga hannun wa ya fito. Kada kuma ka yi gaggawar sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi haƙƙinka gaba ɗaya alhali cinyarka ba ta gama warkewa ba. Malamanmu sun ce ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, don ba a san inda zai tsaya ba. Ka nemi lauya ko wani masani ya karanta maka kafin ka sa hannu, kuma kada ka yi jinkiri, domin dokokin ƙasashe sukan sa wa'adin shigar da irin wannan buƙata. In abin da kamfanin ya biya bai kai haƙƙinka ba, ragowar tana nan a wuyan masu alhakin, ka bi ko ka yafe, duka biyun ya halatta, yafewa ga talaka kuma tana da lada babba in daga zuciyarka ta fito. In kuwa ka karɓi cikakken haƙƙinka daga kamfanin, ba ka da ikon sake neman wani a wurin direban.

Game da mutum biyun da suka rasu, diyyarsu ta magadansu ce, a raba ta kamar gado, matan aure ma suna da rabonsu, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi umarni a ba matar Ashyam ad-Dibabi gado daga diyyar mijinta. In akwai marayu ƙanana a cikin magadan, babu wanda yake da ikon yafe kasonsu kyauta a madadinsu. Direban kuma, in alhakin ya tabbata a kansa, akwai kaffarar azumin wata biyu a jere, a madadin 'yanta bawa ga wanda bai samu ba, a kan kowane rai, wato wata biyu sau biyu. Wannan tsakaninsa da Allah ne, kamfanin inshora ba ya ɗauke masa, yafewar magada ma ba ta sauke ta. Raunin da bai kai ga rasa rai ba, irin naka, babu kaffarar azumi a kansa.

Wallahu a'alam.