Hukuncin Kallon Fina-finan da Ke Mayar da Kisa Abin Dariya

Tambaya: Malam, ina yawan kallon fina-finan waje masu haɗa barkwanci da zubar da jini, inda za a kashe mutum sannan makasan su tsaya a kan gawarsa suna musu kan abin da za su ci da rana. Da farko nakan kawar da kai, amma yanzu ko bidiyon haɗarin mota na gaske aka turo mini a WhatsApp ba na jin komai. Mene ne hukuncina?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka lura da halin zuciyarka.

Nuna faɗa ko makami ba shi ne ke haramta kallo ba, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta kalli Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, Annabi (SAW) yana kāre ta da mayafinsa. Raha ma halal ce, shi kansa yana yin ta, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya. Matsalar fina-finan da ka ambata ita ce inda suke ajiye dariyar: a daidai lokacin da rai ke fita, ana sa kiɗa mai daɗi, ana nuna makashin a matsayin gwanin iya magana, wanda aka kashe kuwa ba a bar masa uwa ko marayu da za su sa mai kallo ya tausaya ba.

Wannan ya yi hannun riga da yadda Shari'a ta tarbiyyantar da mu a kan rai. An wuce da gawar wani Bayahude, Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai Bayahude ne sai ya ce: "Ashe ba rai ba ne?" Ya hana yi wa gawa kaca-kaca ko da a fagen yaƙi. Abdullahi ɗan Umar (RA) ya tarar da wasu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna gwajin harbi a kansa, ya gaya musu cewa Manzon Allah ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin bārā. Idan ba a yarda a yi nishaɗi da azabar tsuntsu ba, to ina ga mutuwar ɗan Adam? Na san za a ce ai wasa ne, jinin ma rini ne, kuma haka ne, shi ya sa ba mu ce mai kallo ya yi tarayya a kisa ba. Amma zuciyar da ke kallon ba ta wasa ba ce.

Hadisin Huzaifa (RA) a Sahihu Muslim ya bayyana yadda abin ke faruwa: ana bijiro da fitinu ga zukata kamar saƙar tabarma, kara bayan kara, duk zuciyar da ta karɓa sai a ɗiga mata baƙin ɗigo, har ta kai ba ta sanin alheri, ba ta ƙin mummuna. Alkur'ani ya kira wannan tsatsa a aya ta 14 ta Suratul Muɗaffifina. Masu bincike ma sun taɓo batun: a 2009 Brad Bushman da Craig Anderson sun wallafa gwajin da aka sa wata mata mai ɗaurin ƙafa ta yar da sandunanta a ƙofar sinima, sai waɗanda suka fito daga fim mai tashin hankali suka fi jinkirin taimaka mata. Akwai masanan da ke jayayya kan ƙarfin irin wannan tasiri, mu kuwa ba a kansa muka gina hukunci ba.

Saboda haka, dariyar da ta suɓuce maka ba da nufi ba babu laifi a kanta. Fim ɗin da ke amfani da zambo don fallasa munin yaƙi ko zalunci, har mai kallo ya tashi yana ƙyamar su, ya halatta idan babu tsiraici ko izgili ga addini. Wanda aka gina daɗinsa a kan wulaƙanta rai kuwa, mafi sauƙin hukuncinsa karhanci ne, kuma haramun ne a zaunar da yara a gabansa. Kai da ka riga ka ga alamar a kanka, barin su ya zama wajibi a gare ka bisa ƙa'idar toshe kafar ɓarna da malaman Malikiyya suka yi fice da ita, domin ƙin mummuna da zuciya shi ne mafi raunin imani, kuma ba ya halatta ka ci gaba da abin da ke kashe shi.

Ka daina buɗe bidiyon haɗari da gawawwaki, kada kuma ka tura wa wani, saboda mamacin yana da alfarma kuma yana da dangi. Ka riƙa zuwa dubiya asibiti, ka raka jana'iza har maƙabarta, ka tsaya har a gama binnewa. Wallahu a'alam.