Furfurar da kika tsige ba za ta haifi goma ba

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin ga furfura uku a goshinki kina shekara 29, kin tsige, mai kitsonki ta ce yanzu goma za su fito. Kin kuma tambayi dalilin da gashin da ke maƙalewa a mataji yake da farin gindi.

Ki kwantar da hankalinki. Shekarata 14 ina aikin jinya, ni ma tun ina goyon fari furfura ta leƙo min, wannan maganar babu wadda ban ji ba.

Kowane silin gashi raminsa daban a fatar kai. Can ƙasan ramin akwai ƙwayoyin da ke haɗa sinadarin melanin, suna cusa shi cikin silin yana tahowa, wato tun a ciki ake rina shi. Rinin kuma sai a lokacin da gashin ke tsiro, shekara 2 zuwa 6. In wa'adin ya cika, masu rinin ne ke fara ajiye aiki, ramin ya tsuke cikin sati 2 zuwa 3, ya huta kamar wata 3, silin ya faɗi. Wannan ɗan farin kan da kike gani a mataji shi ne guntun ƙarshe da ya fito bayan an rufe marina. Ba furfura ba ce. Sili 50 zuwa 100 a rana kowa na zubarwa, ranar tsifa ne kawai suke taruwa su ba mutum tsoro.

Da sabon sili zai fito, ramin sai ya ɗebo sabbin masu rini daga wata 'yar ajiya da yake da ita a sama kaɗan. Ajiyar nan ce ke ƙarewa, yawanci gado ne, wani da wuri, wani sai ya ga jikoki. Ramin da tasa ta ƙare fari zai yi ta fitarwa ko sau nawa kika tsige, na kusa da shi kuwa babu ruwansa.

A ɗakin yara masu tamowa na fi ganin abin da idona. Wata yarinya da muka sallama aka dawo da ita awo bayan wata biyu, ina buɗe kanta sai ga gindin gashin baƙi wuluk, sama kuma ja-ja, da iyaka a tsakani kamar an ja layi. Wanda ya fito lokacin yunwa haka ya zauna, bai sake yin baƙi ba.

Amma ki bar tsigewa. Yawan tsiga na iya kashe ramin, goshi kuma dama kitso mai tauri ya gama wahalar da shi. Ki sa almakashi ki datse, ko ki shafa lalle. In kin ga tana ƙaruwa da sauri, ga kasala ko rama, ki je a duba miki bitamin B12 da maƙoƙo.