Amsoshin masu karatu: "na zaune bai ga gari ba" da kalmar falke

Wani ɗan'uwa daga Zangon Kumasi ya rubuto yana cewa, Malam, kakana ya sha faɗa min wai na zaune bai ga gari ba, kuma yana kiran kansa falke, ba ya yarda a ce masa ɗan kasuwa, shin meye bambancin?

Toh ɗan'uwa, Allah ya ji ƙan kaka, kuma yana da gaskiya. Ɗan kasuwa kowa ne mai saye da sayarwa, ko da a ƙofar gidansa ya kafa tebur. Falke kuwa, wasu su ce farke, jam'i fatake, shi ne mai dogon zango, wanda zai bi ayari ƙarƙashin madugu ya yi watanni a hanya daga Kano zuwa Gwanja, ya kai kanwa da tufafi da fatu ya dawo da goro. Ita kanta kalmar zango da unguwarku ta samo suna, asalinta wurin da ayari ke sauka ya huta.

Karin maganar kuma mutane na ɗauka tafiya kawai take nufi, ni a ganina kalmar da ta fi nauyi a ciki ita ce "ga". Ai jakunan ayari ma sun taka har Salaga, garin kasuwar goro a Gwanja, sun dawo, abin da ake nufi shi ne idon da ya lura da yadda wasu mutane ke awo, yadda suke ciniki, me suke so me suke ƙi, ya ji harshensu, ya dawo da wani tunani da ba shi da shi da can. Shi ya sa take tafiya tare da 'yan uwanta, matambayi ba ya ɓata, da kuma gani ya kori ji.

Ka duba Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, daga Agalawa, waɗanda dama fatauci gadonsu ne. Ya je Gwanja, ya zauna Accra, a can bakin teku ya ga jiragen ruwa suna zirga-zirga, sai ya fara ɗora goro a jirgi zuwa Legas maimakon a yi ta fama da jakuna cikin daji wata da watanni, kuma fa fatake da yawa sun ga jiragen nan kamar yadda ya gani, shi ne ya haɗa abin da ya gani da abin da ya sani na kasuwar goro a gida. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 Turawa suka shiga neman gyaɗa, mutumin da ya riga ya san yadda ake hulɗa da kamfanoninsu a bakin teku kuma ya san manoma da dillalan ƙauye bai sha wahalar shiga tsakani ba. Ya rasu a 1955. Wallahi duk lokacin da na ji yaro ya je Dubai ko Guangzhou sau biyar amma ko tambaya ɗaya bai yi wa mai masana'anta ba, abin yana damuna.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi kuma ta tambaya ko riba haramun ce tunda ana cewa an hana cin riba. Hajiya, kalmomi biyu ne da rubutun boko ya haɗe su. Riiba mai jan wasali ita ce abin da ya hau kan uwar kuɗi bayan ciniki, riba gajera ita ce kuɗin ruwa da shari'a ta hana, dukkansu daga Larabci muka aro su, kamar yadda ashana da akawu suka shigo mana daga Yarbanci ta hanyar cuɗanya da kasuwanci.