Amsa: saita router a Tawa alhali kana Yamai

Ɗan'uwa, ka ce router sabuwa ce cikin kwali a shagon Tawa kai kuma kana Yamai. Gaskiya ba za ka iya shigarta daga nesa kai tsaye ba, don ƙofar shiga daga nesa a rufe take zuwa daga kamfani. Sai ka samu wani a can ya haɗa kwamfuta da ita da kebul ta ramin LAN (ramin haɗa kwamfuta a jikin router), ya ba kwamfutar intanet daga salularsa, kai kuma ka shiga kwamfutar da AnyDesk (manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa) ka buɗe shafin saitin router a adireshin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, in ƙirar kamfanin MikroTik ce 192.168.88.1, duba takardar da ke manne a ƙarƙashinta.

Abu na farko canza kalmar sirrin admin, don Allah kar ka bari sai anjima. In MikroTik ce kunna Safe Mode kafin ka taɓa firewall (katangar da ke tace masu shiga), in rezo ya yanke saitin zai koma yadda yake, in ba haka ba kana iya kulle kanka a waje sai an yi reset.

Kuma in da SIM take aiki yawanci babu IP na fili (adireshin da za a same ta da shi daga waje), don haka buɗe port, wato ƙofar shigowa, ba zai yi ba, sa WireGuard (manhajar VPN, mai haɗa ka da ita ta amintacciyar hanya). Wace iri ce ma?