Hukuncin tare ruwan kanal ranar da ba rabonka ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina noman rani a yankin Kura, gonata tana ƙarshen ƙaramin kanal. Maƙwabcina na sama yakan jera buhunan yashi da tsakar dare ya karkatar da ruwa cikin shinkafarsa a ranar rabona, har tumatirina ya fara yaushi. Ya ce wai shari'a ta ba na sama haƙƙin fara sha. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maganar tasa tana da asali, sai dai ya ajiye ta ba a muhallinta ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Manzon Allah (SAW) ya yi hukunci kan ruwan kwarin Mahzur da Muzainib a Madina: na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake wa na ƙasa. Ka ga ko a nan an yi masa iyaka. Kuma wannan hukuncin ruwan da ya kwararo da kansa ne, kamar ruwan sama ko rafin da ba wanda ya haƙa.

Naku ba haka yake ba. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako, da dukiyar jama'a aka gina shi, aka ja kanal zuwa Kadawa, Bunkure, Kura da Garun Malam. Ruwan da aka jawo da aiki, malamanmu na Malikiyya sun ce a raba shi gwargwadon rabon kowa. Har sun ambaci ƙildi, tukunya ce da ake hudawa a cika da ruwa, mutum ya yi ta ban ruwa har ta tsiyaye, na gaba ya karɓa. Jadawalin da ƙungiyarku ta manoma ta tsara shi ne ƙildinku yau.

Saboda haka abin da yake yi haramun ne, cin haƙƙi ne, kuma Annabi (SAW) ya ce ba cuta, ba cutarwa. Yin sa da dare ma ya nuna zuciyarsa ta san hakan. Wajibi ne ya kwashe buhunan, ya tuba, ya nemi yafiyarka kan abin da ya lalace.

Kai kuma, ɗan'uwa, kada ka ɗauki fartanya ka je masa cikin duhu. Rigimar ruwa ba ta da daɗin ƙarshe. Kai ƙara wajen shugabannin ƙungiya da dagaci, tare da shaidu biyu da suka ga buhunan. Mai ɗiba don sha ko shayar da dabba kuwa, ba a hana shi ko ranar rabon wa ce. Wallahu a'alam.